Ruwan da Ake Ƙirgawa a Ɓoye: Sharhi kan Garaɓasar "Babu Ruwa" a Kantunan Amurka



Sharhinmu na yau ya tsallaka teku zuwa Amurka, kuma na fi nufin 'yan'uwanmu mazauna can, na Bronx da Harlem a birnin New York, da na Maryland da Houston da Greensboro, musamman waɗanda ba su daɗe da sauka ba. Na gida ma kada ku kashe rediyo, ina da magana da ku kafin mu tashi.

A Amurka da wuya ka shiga babban kantin da ke sayar da kaya masu nauyin kuɗi, irin su firji da injin wanki da katifa da kujerun falo da talabijin, ba ka ci karo da allo an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu kuɗin ruwa har wata 6, ko 12, ko 18, ko 24 ba. Home Depot na yi, Lowe's na yi, Best Buy na yi, Amazon ma na yi a katinsa. Abin ya fi ƙamari daga ƙarshen Nuwamba, ranar Juma'ar nan ta garaɓasa da ke biye da bikin godiya, har zuwa Kirsimeti. Ka zaɓi kayanka, ka iso wurin biya, mutane sun yi layi a bayanka, sai mai karɓar kuɗi ta ɗago kai cikin fara'a ta ce ko kana son katin kantin? Ba za ka biya ko sisi yau ba, kuma shekara guda babu ruwa. Ka ba da lambarka ta soshiyal, ka faɗi abin da kake samu a shekara, ka sa hannu da yatsa a ɗan allon da ke gabanka. Kafin na bayanka ya fara ƙorafi an amince maka. Takardar yarjejeniya kuwa, mai ƙananan rubutu kamar tururuwa, an ninke ta an cusa a leda tare da rasit, kuma yawancinmu daga ranar ba ma sake buɗe ta.

Abu na farko da ya kamata ka sani, Malam, katin nan sunan kanti ne a jikinsa amma bashin na banki ne. Katin Home Depot da na Best Buy bankin Citibank ne ke bayarwa. Na Lowe's da na kantin Amazon bankin Synchrony ne. Ita mai karɓar kuɗin da ta yi maka tayi, aikinta ya ƙare da ka fita ƙofa. Daga nan kai da banki ne. Kuma ruwan da ke kan katunan kantuna ya fi na sauran katunan bashi tsada. Binciken kamfanin Bankrate na 2024 ya nuna matsakaicinsa ya haura kashi 30 cikin 100 a shekara. A watan Disamba na 2024, hukumar gwamnatin tarayya mai kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi, wato CFPB, ta ce katunan kantuna 9 cikin 10 mafi girman ruwansu ya wuce kashi 30.

To, ina ruwan da aka ce babu? Yana nan. Ba a yafe shi ba, jingine shi aka yi. Tun ranar da ka ɗauki kaya banki ya fara ƙirga maka shi kullum, yana tarawa a gefe. In ka biya kuɗin kayan gaba ɗaya kafin wa'adi ya cika, sai a share abin da aka tara, ka tsira. In kuwa wa'adi ya cika da saura, ko dala 5 ce, sai a kwaso duk abin da aka tara tun ranar farko a ɗora maka a lokaci guda.

Ka ɗauka mai kantin unguwarku ne ya ba ka buhun shinkafa bashi, ya ce in ka biya kafin Sallah ba zai ƙara maka ko kwabo ba. Amma yana da wani littafi a ƙarƙashin teburi da yake rubuta ƙari a ciki kowace safiya. Ka cika kuɗinsa kafin Sallah, ya yage shafin. Ka rage naira ɗari, ya fito da littafin, ya ce ƙarin wata da watanni yake bin ka, har da na kuɗin da ka riga ka damƙa masa tuntuni. A unguwa, wanda ya yi haka ba zai sake ganin mai saye ba. A Amurka doka ta halatta.

Bari mu yi lissafi, don kunne ya ji nauyin abin. Misali ne nake bayarwa. Wani ɗan'uwa iyalinsa za su iso daga gida, ya sayi kujeru da gadaje na dala 2,400 a kan wa'adin wata 12, ruwan katin kashi 30 a shekara, wato kashi biyu da rabi a wata. Mutum ne mai ƙoƙari, duk wata yana tura dala 190 bai taɓa fashi ba. Wata 12 ya biya dala 2,280, saura dala 120. A ransa abin da ya rage ɗan kaɗan ne, wata mai zuwa ya ƙarasa. Takardar wata na 13 za ta zo masa da wannan dala 120, da kuma ƙarin sama da dala 400 na ruwan da aka tara. Dala 10 kacal ya riƙa ragewa a wata. Da ya riƙa tura 200, da bai biya ruwa ko sisi ba.

Akwai wanda ya fi wannan shiga uku, shi ne mai bin abin da takardar banki ta ce masa. Kowane wata takardar lissafi tana zuwa da wani adadi a sama, an rubuta shi a fili, mafi ƙarancin abin da za ka biya don kada a ci ka tara. Sabon zuwa yakan ɗauka wannan adadin shi ne kason wata, in ya bi shi zai gama daidai da wa'adi. Ba haka ba ne. Ba a tsara shi don ya kai ka ƙarshe ba. Mu ce a misalinmu dala 60 yake turawa. Shekara ta zagayo ya biya 720, saura 1,680, a ɗora masa ruwan da ya wuce dala 600. Bashinsa ya koma wajen dala 2,300. Shekara guda yana biya ba fashi, ga shi kusan inda ya fara, kuma daga nan ruwan kashi 30 zai ci gaba da hawa kan duka, har da kan ruwan da aka ɗora.

Yanzu ga abin da ke ruɗa mutane, kuma shi ya sa na ce a saurara da kyau. Akwai wata garaɓasar daban wadda ita ruwanta sifili ne na gaske. Manyan katunan bankuna sukan ba sabon mai kati wata 12 ko 15 ko fiye ba ruwa, kuma ba a ƙirga komai a gefe. Wa'adi ya cika da saura dala 120, ruwan da zai hau ka daga ranar zai fara, a kan 120 ɗin kawai, wajen dala 3 a wata. Dala 3 a nan, sama da dala 400 a can, alhali talla iri ɗaya kunne ya ji. Yadda za ka bambanta su, dokar talla ta Amurka ta wajabta wa mai jingine ruwa ya rubuta sharaɗinsa kusa da alƙawarin. Duk inda ka ga an ce babu ruwa, sannan aka biyo da "idan an biya duka cikin wata kaza", to littafin ƙarƙashin teburi ne. In ba ka gane ba, tambayi mai karɓar kuɗin kai tsaye: in wa'adi ya cika da saura, ruwan daga yaushe za a lissafa, daga ranar saye ko daga ranar cikar wa'adi? In ta kasa amsawa, kada ka sa hannu a tsaye. Karɓi takardar ka tafi da ita gida. Firjin ba zai gudu ba.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi, domin yana kama har mai hattara. A watan Mayun 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar gyaran harkar katunan bashi, mafi yawan tanade-tanadenta suka fara aiki a Fabrairun 2010. Doka ce da ta taimaki talaka ƙwarai. Cikin abin da ta ce, duk abin da ka biya sama da mafi ƙaranci, dole banki ya fara kai shi kan bashin da ya fi ruwa mai tsada a katin. Wannan alheri ne ga mai katin yau da kullum. Ga mai garaɓasa kuwa ya zo da baya, saboda a lokacin wa'adi ana ɗaukar bashin garaɓasa a matsayin marar ruwa, don haka shi ne na ƙarshe a layi. Sai a wata biyun ƙarshe kafin cikar wa'adi doka ta ce a juya, a fara kai rarar kuɗin kansa.

Mu koma ga ɗan'uwanmu mai kujeru. Wannan karon ya yi wayo, ya raba 2,400 gida goma, yana tura 240 duk wata. A wata na biyu ya sake shiga kantin, ya ga labule da darduma da tukwane, ya sayi na dala 500 da katin nan dai, sayayyar da ba ta cikin garaɓasa. Daga nan mafi yawan abin da yake turawa ya karkata zuwa labule da tukwane har sai sun biyu. Bayan wata goma ya lissafa ya tura 2,400 cif. Ya duba ya ga saura wajen dala 500, ya ce ai kuɗin labulen ne, a hankali zan biya. Alhali labule ya biyu tun tuni, ragowar ta kujeru ce, kuma agogo na tafiya. Wannan ba tatsuniya ba ce. Rahoton hukumar CFPB na 2015 ya gano cewa cikin waɗanda aka ɗora wa ruwan da aka jingine, suke kuma da wata sayayya a katin, fiye da rabi sun tura wa banki kuɗin da ya zarce bashin garaɓasar tun kafin wa'adi ya cika. Mutanen sun biya, kuɗin ne ya tafi wani wuri.

Saboda haka katin da ka ɗauki garaɓasa da shi, ka sa shi a aljihun tebur, kada ka sayi ko kwan fitila da shi sai ka gama. In kuma aikin gama ya gama, ka riga ka haɗa, to ɗauki waya ka kira lambar da ke bayan katin, ka roƙi a riƙa kai rarar kuɗinka kan bashin garaɓasa. Doka ta ba banki damar amsa irin wannan roƙo, ba ta tilasta masa ba, don haka in sun ce sun amince, ka duba takardar wata mai zuwa ka tabbatar sun aikata. Haka nan mai garaɓasa biyu ko uku a kati ɗaya, firji a Janairu, katifa a Afrilu, kowacce da ranarta da ruwanta da ake tarawa daban.

Ita wannan takardar lissafi, don Allah a riƙa karanta ta har ƙarshe. Yawancinmu manhajar waya muke buɗewa, mu ga adadi, mu danna biya, mu rufe. Buɗe cikakkiyar takardar. Za ka tarar da wani ɗan jadawali da ke nuna kowace garaɓasa, da abin da ya rage a kanta, da ranar da za ta ƙare, kuma galibi har da ruwan da aka tara maka zuwa yau. Duba wannan adadin na ƙarshe sau ɗaya, ka ga yadda ya yi ƙiba a wata shida, na tabbata ba sai an sake yi maka wa'azi ba. Ka lura kuma, ranar cikar wa'adi ba lallai ta dace da ranar biyan wata ba. Wa'adi zai iya cika ranar 3, kai kuma ka saba biya ranar 20. Wanda ya jira ranar da ya saba ya makara da kwana 17, kuma banki ba ya jin cewa ai kuɗin na hannu.

Shi ya sa shawarata a kullum, kada ka raba kuɗin da yawan watannin da aka ba ka. An ba ka 12, raba da 10. An ba ka 18, raba da 15 ko 16. Ka saita asusunka na banki ya riƙa tura wannan adadin da kansa duk wata, kuma ka lura da wurin saitawar, domin zaɓin da ya fi kusa da yatsa shi ne na mafi ƙarancin biya. Ka rubuta adadinka da hannunka. Watannin da ka bari a baya su ne majinginarka ranar da mota ta lalace ko aka rage maka awannin aiki. Biyan ƙarshe kuma a yi shi da sauran kwanaki, sannan a jira takarda ta gaba a ga ta nuna sifili. Kada kuma yawan abin da ka tura a wani wata ya sa ka tsallake na gaba. Mafi ƙarancin nan wajibi ne kowane wata. Ka yi latti a ci ka tara, lattin ya wuce kwana 60 kuwa banki na da ikon soke garaɓasar gaba ɗaya ya ɗora maka ruwan tun wa'adi bai cika ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu baƙi fiye da 'yan ƙasa, wato tafiya gida. Mutum ya tara hutunsa ya tafi Kano ko Kumasi ko Maraɗi wata biyu, ko ya tafi aikin Hajji. Ya cire layin Amurka ya sa na gida. Ranar da ya tuna da bashi ya buɗe manhajar banki, sai ta ce ta tura lambar sirri zuwa wayarsa, layin da ke cikin jaka ba ya kama sabis. Ga kuɗi a asusu, ga niyya, ba hanyar shiga. Kafin ka hau jirgi, ka duba ko wa'adi zai cika kana can. In haka ne, ka rufe bashin kafin ka rufe akwati.

Inda abin ya fi sosa mini rai shi ne asibiti. Wannan tsari ya shiga ɗakin likitan haƙori da na ido, har da na dabbobi, ta hanyar katuna irin su CareCredit. Mai sayen talabijin yana iya juyawa ya fita. Wanda haƙori ya hana shi barci kwana uku, aka ce aikin dala 3,000 ne inshora ba za ta biya ba, aka miƙo masa fom yana dafe da kunci, wane karatun sharaɗi zai yi? A Disambar 2013 hukumar CFPB ta umarci CareCredit, wanda a lokacin yake ƙarƙashin GE Capital, ya mayar da kuɗin da ya kai dala miliyan 34.1 ga mutane sama da miliyan ɗaya, saboda an sa su rajista ba tare da cikakken bayani ba. Da yawansu sun ɗauka bashi ne marar ruwa, alhali ana tara musu kashi 26.99. Shekara goma bayan haka, a 2023, hukumar ta ce daga 2018 zuwa 2020 Amurkawa sun biya wajen dala biliyan 1 na ruwan da aka jingine a kan kuɗin magani kaɗai. Hajiya, in aka miƙo miki irin wannan fom, fara tambaya ko asibitin na da tsarin biya kaɗan-kaɗan na kansa, ko rangwame ga marar ƙarfi. Asibitocin da ba na neman riba ba doka ta wajabta musu su kasance da tsarin tallafi, sai dai ba kullum ake faɗa wa majinyaci ba in bai tambaya ba.

Masu kare wannan tsari suna cewa ai mafi yawan mutane suna gamawa kafin wa'adi, sun amfana da bashi kyauta. Gaskiya ne, kimanin kashi huɗu cikin biyar na irin wannan bashi ana biyansa a kan lokaci, kuma wanda firjinsa ya mutu a tsakiyar zafi yana da yara, wata 12 ba ƙaramin sauƙi ba ne gare shi. Ban raina wannan ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kanti yana biyan banki wani kaso don a yi garaɓasar, sauran kuma daga aljihun waɗanda suka zame yake fitowa. Su waye suke zamewa? Rahoton hukumar na 2013 ya nuna cikin masu raunin maki a ma'aunin biyan bashi, fiye da kashi 40 cikin 100 ba su gama a kan lokaci ba. Wato mai hali, wanda da ma zai iya biya da tsabar kuɗi, shi ke cin bashi kyauta, direban tasi da mai aikin kula da tsofaffi su ke biya masa. A ganina wannan zalunci ne da aka yi wa ado, kuma cajin mutum ruwa a kan kuɗin da ya riga ya mayar wata goma da suka wuce ba shi da wata hujja.

Kuma ba wai ba a iya gyarawa ba. A 2017 Walmart ya daina jingine ruwa a katunansa ya koma sifili na gaske, hukumar CFPB ta rubuta wa sauran kamfanoni tana ƙarfafa musu gwiwa su bi sahu, yawancinsu ba su bi ba. A Ingila, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta hana tun Nuwambar 2019 a caji mutum ruwan baya a kan abin da ya riga ya biya. Da a can ɗan'uwanmu mai ragowar dala 120 yake, ruwan shekara na 120 ɗin kawai za a bi shi, ƙasa da dala 50. A Amurka kuwa, ita kanta hukumar CFPB da ke wannan fafutuka an rage mata kuɗi a 2025, gwamnati kuma ta yi ta ƙoƙarin sallamar mafi yawan ma'aikatanta. Kada ka zauna jiran wani ya tsare maka aljihu.

Na san akwai masu sauraro da tun ɗazu suke cewa, duk wannan lissafi ne, ina hukuncin addini? Tambaya ce a wurinta. A gida idan aka ce banki marar ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, hankali kan tafi ga ciniki irin na murabaha, inda ake yanke farashi tun ranar farko kowa ya san abin da zai biya. Wannan na kantunan Amurka ba shi ba ne. Yarjejeniya ce mai sharaɗin ruwa a cikinta, ka sa mata hannu, sai dai an ba ka ƙofar kuɓuta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi sassauci saboda larura, ganin yadda hayar gida da hayar mota suke wahala ga wanda ba shi da tarihin bashi, bisa sharaɗin ya tabbata zai biya a kan lokaci. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya je ga malaminsa. Abin da nake roƙo, in ka je, ka faɗa masa yadda abin yake, kada ka ce masa kawai an ce babu ruwa.

To wanda ya riga ya shiga, wa'adi ya matso, kuɗi bai cika ba fa? Nan ne zumunci ke da rana. In kana cikin adashi, roƙi a ba ka kwasar wannan wata. In akwai ɗan'uwan da zai ranta maka dala 300 na mako biyu, cire kunya ka tambaya, domin dala 300 ɗin nan za ta iya tsare maka 600. Wasu sukan mayar da ragowar kan wani katin banki mai sifili na gaske, a biya ladan mayarwa na kashi 3 zuwa 5, amma mayarwar takan ɗauki kwanaki, don haka ba abin da za a bari sai daren ƙarshe ba ne. In kuma ruwan ya riga ya sauka, kada ka jefar da takardar don baƙin ciki. Kira su a ranar, ka ce a shirye kake ka biya ragowar yanzu, ka roƙi a janye ruwan. Ba dole ba ne a kansu, amma akan dace, musamman ga wanda bai taɓa latti ba kuma kwanaki kaɗan ya makara. In kuwa ka tabbata ɓoye maka sharaɗi aka yi, kai ƙara ga hukumar CFPB ko ofishin babban lauyan jiharka, kyauta ne.

Yanzu ga maganar da na ce ina da ita da na gida. Iyayenmu, yayyenmu, ƙannenmu, idan ɗanku ya turo hoton falonsa da sababbin kujeru da ƙaton talabijin, ba lallai ne ya mallake su ba tukuna. Wata rana za ku kira a kan kuɗin rago ko na biki, ya ce a yi masa haƙuri wannan watan akwai bashin da dole ya rufe. Ku yarda da shi. Dala 200 da zai karkato muku don kunya, za ta iya jawo masa asarar da ta ninka ta uku, kuma daga abin da zai turo muku gobe za a cire.

Ku kuma 'yan'uwa na Amurka, wanda duk yake da irin wannan kati a aljihu, ina roƙonka kada ka kwanta yau sai ka buɗe cikakkiyar takardar lissafinka. Nemo ranar cikar wa'adi, rubuta ta a takarda ka manna a ƙofar firji. Cire wata guda daga watannin da suka rage, sannan ka raba abin da ya rage da su. In adadin ya fi ƙarfinka, gobe da safe ka fara neman mafita tun da sauran lokaci. In kuma ka san wani sabon zuwa da zai je sayen kayan ɗaki a wannan mako, ka raka shi kantin.